Uwargida, Kin San Wanda Zai Taɓa Miki Bango?

 Damina ta wuce, kaka ta yi, ga rani ya kawo kai. Kun san kuwa wannan shi ne lokacin da ake tayar da aikin gini a garuruwanmu. Duk layin da kika bi sai ki tarar an jibge yashi da bulo a ƙofar wani gida. Wannan zai ƙara ɗaki saboda yara sun girma, wancan zai fasa shago a jikin zaure, wani kuma zai ɗora bene domin ɗansa zai yi aure. To, a kan wannan al'amari nake so mu tattauna yau a wannan fili namu.

Ra'ayina shi ne, bai kamata uwargida ta zuba ido a kawo mata baƙon mutum ya fara fasa bangon ɗakin da take kwana da 'ya'yanta ba, alhali ba ta san ko wane ne shi ba, ba ta san ayyukan da ya taɓa yi ba, ba ta kuma san ko hukuma ta yarda da aikin ba. Na san wasu za su ce ina ruwan mace da maganar gini. Ku ba ni aron kunnuwanku tukuna.

Akwai wata maƙwabciyata, mace mai ƙoƙari, sana'arta ɗinki. Shekara biyu tana zubin adashe, da ta kwasa sai ta haɗa da na maigidanta domin a gyara musu gida. Abin da suke so shi ne a cire bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu na ƙasa a mai da su falo guda, tun da akwai ɗakunan kwana a sama. Maigidan ya samo wani ɗan kwangila a majalisarsu, wai abokin wani abokinsa ne, kuma kuɗinsa ya fi na kowa sauƙi. Mutumin ya zo da babbar riga da daɗin baki, aka ba shi kafin alƙalami mai tsoka, cikin mako biyu ya rushe bango ya yi filasta ya shafa fenti. Falo ya yi kyau, mata muka yi ta zuwa kallo muna sa albarka.

Ashe bangon nan shi ne yake ɗauke da nauyin saman. Kafin damina ta raba, sai ga tsaga ta fito daga kusurwa, ƙofar ɗakin sama ta ƙi rufuwa. Da aka kira injiniya ya duba, cewa ya yi a fitar da yara a ranar, kada a kwana. Aka nemi ɗan kwangila sama da ƙasa, wayarsa a kashe. Sai daga baya aka ji labarin cewa ya taɓa yin irin wannan ɓarna a wata unguwa, har ma'aikatan hukuma sun sa wa ginin jan fenti sun tsai da aikin. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma wata bakwai suka yi a gidan haya, kuɗin gyara kuwa ya ninka na farko. Ranar da na je yi mata jaje, abin da ta ce mini shi ne, "Wallahi Yaya, tun ran da na gan shi hankalina bai kwanta ba, amma na ji kunyar in yi magana." Wannan kunya ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kada ki ɗauka wannan ƙaramin abu ne da ya tsaya a gida ɗaya. A ranar 12 ga Satumba 2014, masaukin baƙi na wani coci a Ikotun ta Legas ya rufta, mutum 116 suka mutu, kuma binciken kotu ya nuna ba a sami izinin ginin ba. A ranar 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard na Ikoyi ya zube, fiye da mutum 40 suka rasu har da mai ginin. Shugaban hukumar kula da gine-gine ta jihar ya ce izinin hawa 15 aka bayar. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, tun shekarar 2020 kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya rubuta takarda ya janye hannunsa. Watau dai alamar tana nan a rubuce ga wanda ya so ya bincika. Kusa da mu kuma, a ranar 12 ga Yuli 2024 wata makaranta ta rushe a Jos ana cikin karatu, aka ba da sanarwar mutuwar mutum 22, mafi yawansu ɗalibai. Waɗannan su ne waɗanda jaridu suka ɗauka saboda yawan mamatan. Ɗakin da ya faɗa wa uwa da jaririnta a lungu, wannan sai dai maƙwabta su yi zaman makoki. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Yanzu ki tambayi kanki, wa ya fi zama a gida? Maigida ya fita tun da safe, sai dare. Ke ce a ƙarƙashin rufin nan wuni guda, ke da ƙananan yara da tsohuwa idan akwai. Ke ce za ki tara kwanoni idan rufi yana yoyo, ke ce za ki taɓa bangon da wuta ke ja idan an yi wayarin banza. Sau da yawa ma kuɗin aikin har da naki a ciki, ko adashe, ko gadonki, ko awakin da kika sayar. Saboda haka kina da hakkin ki sani. Ban ce ki ƙwace ragamar gida daga hannun maigida ba. Cewa na yi ki zauna da shi cikin ladabi, bayan ya ci abinci ya huta, ki ce, "Maigida, mutumin nan da za a ba aiki, an kuwa bincika shi?" Namiji mai hankali ba zai ƙi shawarar da za ta tsare masa dukiya da iyali ba.

Wannan bincike ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A da, magina suna da shugabansu, Sarkin Magina, kuma sana'ar gado ce, yaro yakan yi shekaru yana kwaɓa ƙasa yana miƙa tubali kafin a yarda ya ɗora azara. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina da ƙasa tun ƙarni na 19, masana gini sun daɗe suna zuwa kallon bakunansa. A wancan zamani kowa ya san maginin gari da ubansa da wanda ya koya masa. Idan ya yi ha'inci akwai inda za a kai ƙara. Yau garuruwa sun cika sun batse, mutum zai wayi gari lebura ne, jibi ya buga kati ya ce shi ɗan kwangila ne, har ana ce masa injiniya. Abin da sanayya take yi a da, yanzu takarda da tambaya ne za su yi shi.

To, me za a bincika? Na farko shi ne izini. A dokar tsara birane ta ƙasar nan, wadda aka kafa a 1992, da dokokin jihohi, ba a yin gini a cikin gari sai da yardar hukumar tsara birane. A Kano ana kiranta KNUPDA, a Kaduna KASUPDA, sauran jihohi ma kowace da tata. Mutane da yawa sun ɗauka sabon gini kaɗai ake nemar wa izini. Ba haka ba ne. Shafa fenti ko canza ƙofa ba su da wata matsala, amma ɗora bene, ko ƙara ɗakuna, ko mai da gidan zama shaguna, waɗannan ayyuka ne da ya kamata a je ofis a tambaya kafin a sa diga. Ki lura da wannan da kyau: izini da sunan mai gida ake bayar da shi. Idan aka yi aiki babu shi, ranar da aka zo da jan fenti ko da motar rusau, ɗan kwangila ya daɗe da karɓar kuɗinsa ya yi gaba, ku za a bari da kuka. Saboda haka duk ɗan kwangilar da ya ce, "Ku bar wannan, na san mutane a ofis," ko ya ce a yi aikin da dare ko ranar hutu kafin a farga, to ya riga ya gaya muku halinsa. Idan kuwa ya ce shi zai karɓo muku izinin, to a ga takardar da ido, a ga rasit na gwamnati, maigida kuma ya ɗauka ya kai ofishin da kansa a tabbatar masa ba ta jabu ba ce. Idan gidan haya kuke, sai an sami yardar mai gidan a rubuce tukuna.

Na biyu, rajistar mutumin. Ga babban aiki, wanda ya shafi ginshiƙi da kankare da bene, akwai hukumomin da doka ta ɗora wa tantance ma'aikata. Masu zanen gini suna ƙarƙashin ARCON, wadda aka kafa a 1969. Injiniyoyi suna ƙarƙashin COREN tun 1970. Ƙwararrun magina kuwa CORBON ce ke yi musu rajista, an kafa ta a 1989. Wanda yake da rajista yana da lamba, yana kuma da hatimin da yake bugawa a kan zane. A tambaye shi lambarsa, a tuntuɓi hukumar a ji ko sunan da lambar sun dace. Idan ya ce yana da kamfani, hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana da shafi a intanet inda kowa zai iya rubuta sunan kamfani ya ga ko akwai shi. Amma ki sani, rajistar kamfani shaida ce kawai cewa kamfanin yana nan, ba ta nuna ya iya gini. Mai sayar da shinkafa ma yana da ita. Mai haɗa wayar lantarki shi ma akwai hukumar NEMSA da ke ba irinsu takardar shaida, kuma wannan ba abin wasa ba ne, domin gobarar da ake cewa daga wutar lantarki ta tashi sau da yawa daga siririyar waya ce da aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinta.

Na uku, kuma wannan shi ya fi shafar yawancinmu, shi ne tarihin aikinsa. Na sani sarai birkilan da zai gyara miki kicin ko ya ɗaga katanga ba shi da hatimin injiniya, kuma ba laifi ba ne. Wasu suna da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, wasu kuwa hannunsu ne kawai shaidarsu, kuma a cikinsu akwai gwanaye masu tsoron Allah. Irin wannan sai a ce ya nuna gidaje uku da ya yi wa aiki, kuma kada su zama na bana. Sabon fenti yana rufe kowane aibi. A nemi gidan da ya ga damina biyu ko uku. A nan ne mu mata muka fi maza dama. Maigida zai tsaya a zaure su gaisa da mai gidan, a ce masa aiki ya yi kyau, domin namiji ba ya son a ce an cuce shi. Ke kuwa za ki yi sallama ki shiga har ciki, ki zauna da matar gidan, ki ga bango da idonki. Ki tambaye ta, rufi yana yoyo? Ya gama a kan lokaci? Ya yi ta neman ƙarin kuɗi? Siminti ya riƙa ɓata? Yaransa sun kiyaye mutuncin gida? An taɓa zuwa daga hukuma aka tsai da aikin? Da aka sami matsala aka kira shi, ya dawo? Wallahi cikin rabin sa'a za ki ji abin da maza ba za su ji ba cikin wata guda. Maigida kuma ya tambayi mai unguwa da masu sayar da kayan gini na yankin, domin su sun san wanda ke biyan bashi da wanda ke sayen rodi mai arha ya rubuta kuɗin mai tsada.

Bayan an gamsu da mutum, sai a rubuta yarjejeniya. Kada a ce ai ɗan'uwa ne, ko tare muke salla. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A rubuta aikin da za a yi dalla-dalla, da irin kayan da za a sa, da kuɗi, da ranar gamawa, shaidu biyu su sa hannu. Kada a ba da kuɗi duka a farko. A biya kashi-kashi, idan ya gama mataki a duba a biya, a kuma riƙe wani abu har sai an ga yadda aikin ya zauna. Wanda ya ƙi yarda a rubuta, a sallame shi da fatan alheri.

Idan aiki ya fara, ke ce idon gida. Ba sai kin yi karatun injiniya ba kafin ki lura da wasu abubuwa. Buhun siminti kilo 50 ne, ki ƙirga nawa aka shigo da su, ki ƙirga buhunan da aka zazzage da yamma. Kwaɓin kankare da aka saba yi wa gidaje shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Idan kika ga yashi ya rinjaya har kwaɓin ya yi fari, ki gaya wa maigida. Bulon da kika murza da yatsa ya zube, ba bulo ba ne. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa, don haka mai gaggawar cire katakan da suka tokare sabon rufin kankare bayan 'yan kwanaki yana wasa da rayuka. Kada a cire bango a gidan bene, kada kuma a ɗora bene a kan harsashin da aka yi domin gidan ƙasa, sai injiniya ya duba ya sa hannu. Idan za a haƙa masai ko ramin ƙazanta, a nisanta shi da rijiya, masana lafiya sukan ba da shawarar mita 30 inda fili ya samu. Yara kuma a hana su wasa a wurin aiki.

Na san abin da wasu za su ce. Za a ce neman izini ɓata lokaci ne, ga yawo daga wannan tebur zuwa wancan, ga kuɗi. Ban musa ba, kuma ina kira ga hukumomi da su sauƙaƙa wa talaka, su bayyana kuɗin kowane izini a fili yadda ba za a cuci kowa ba. Amma a auna wahalar wata guda da asarar gida dungum. Za a ce mai rajista tsada gare shi. Haka ne, sai dai araha ba ta ado, maƙwabciyata ta biya sau biyu har da kuɗin haya. Ba lalle ne a ɗauki injiniya ya tsaya a kan aiki kullum ba, ana iya biyansa ya zo ya duba a muhimman matakai, watau ranar haƙa harsashi, da ranar ɗaura rodi kafin a zuba kankare. Wasu kuma za su ce komai ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne, mun yi imani da haka. Amma malamanmu sun koya mana cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi. Wadda ta kulle ƙofarta da dare ba ta rasa imani ba.

Sai ku 'yan matana na makaranta. Kada ku ce wannan zancen iyaye ne. A gidaje da yawa ke ce mai karanta takardar Turanci, ke ce kika iya dannar waya. Idan Baba ya kawo takardar ɗan kwangila, ki karanta masa a tsanake, ki duba masa sunan kamfanin a intanet, ki rubuta wa Mama lissafin siminti a bayan littafinki. Idan kika ga tsaga a bangon ajinku tana ƙara faɗi, ko kika ji ƙasa tana zubowa daga sama, ki gaya wa malama, ki gaya wa iyayenki, kada ki yi shiru. Wadda kuma Allah ya ba ta kan lissafi, me zai hana ta karanta zanen gini ko aikin injiniya? Muna bukatar mata a wannan fanni ƙwarai, waɗanda za su shiga har ƙuryar gida su duba aiki ba tare da an ce matan gida su shige ɗaki ba.

'Yar'uwa, Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Ranar da ɗan kwangila yake zaune a zaure yana neman aiki, ranar ce kuke da ƙarfi a kansa, duk abin da kuka tambaya zai amsa. Da zarar kuɗi sun shiga aljihunsa, ku ne za ku koma kuna binsa kuna roƙo. Mutumin kirki ba ya fushi don an tambaye shi shaidar aikinsa, murna ma yake yi ya nuna. Don haka idan ana shirin taɓa gini a gidanku bana, ki daure ki yi wa maigida maganar tun yau, ki kuma shirya mayafinki domin zuwa ganin gidajen da mutumin ya ce shi ya gina.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa mu gama da duniya lafiya. Wadda ta taɓa gamuwa da irin wannan matsala, ko take da wata shawara, ta rubuto mana domin sauran 'yan'uwa su amfana.